Jan Tauraro a Fiffiken Arlo

A garinmu Brekke, can ƙuryar arewacin Dakota inda in ka yi tuntuɓe sai ka faɗa Kanada, in aka ce "Matuƙi" ba sai an ƙara suna ba. Delbert Hovland ke nan, mai kantin ƙusa da fenti a bakin titin jirgin ƙasa. In ka shiga sayen ƙusa goma, ba ka fita sai ka ji yadda ya ratsa ruwan wuta a sararin Jamus, yadda ya sauko da jirgi babu taya, da yadda wani janar ya rungume shi yana hawaye. Bara injina biyu ne suka mutu masa a sama. Bana sun zama uku.

Gaskiyar magana, wadda Delbert ya ɗauka daga shi sai matarsa Verna suka sani, ita ce shekara ukun da ya yi a soja duk a Kansas ya yi su, da gwangwanin fenti a hannu, yana rubuta lamba a wutsiyar jirage. Sau ɗaya tak aka ɗaga shi sama, ya yi amai a hular wani saja. Sauran labarin kuwa daga 'yan littattafan nan na yaƙin sama yake kwasowa, waɗanda ake sayarwa a kantin magani, masu hoton jirgi da hayaƙin bam a bango, inda kullum Amurka da Rasha ke gab da tashin duniya sai wani jarumi shi kaɗai ya tare. Yana da su fiye da ɗari a ƙarƙashin kanta.

A shekarun nan aka nemi 'yan sa kai su riƙa gadin sama, don an ce in Rashawa za su kawo bam ɗin ƙare-dangi, ta kanmu za su bi. Kai, ranar Delbert kamar an yi masa bushara da aljanna. Ya kafa hasumiyar katako a kan rumbun alkamar gari, aka ba shi madubin hangen nesa, da wayar tarho, da hula mai tambari, ya zama shugaban masu gadi. Shekara shida yana hawa tsani mai mataki casa'in da huɗu. A shekara shidan nan abin da ya gani shi ne agwagin daji, da jirgin wasiƙa, da Arlo ƙanin matarsa a cikin tsohon jirginsa na feshin gona. Amma a saman nan shi wani ne, yara suna sara masa, kuma wannan ya fi masa komai daɗi a duniya.

Sai ga takarda a watan Satumba. An kafa na'urorin hango jirage can cikin ƙanƙarar arewa, ba a bukatar idon mutum kuma. Wani Kyaftin Pruitt zai zo ranar Asabar da sha ɗaya da rabi, ya yi godiya, ya karɓi madubi, ya rufe hasumiya.

Delbert ya karanta sau uku a tsaye, ya zauna ya karanta na huɗu.

"Na'ura!" ya ce. "Na'ura ta san warin abokin gaba? Verna, ni da na ga Jamusawa ido da ido..."

"Ka ci dankalinka, Baban Carol, yana hucewa."

"Zan nuna musu. Ranar Asabar, kyaftin ɗin nan yana tsaye kusa da ni, jirgin abokan gaba zai ɓullo daga arewa. Ni zan fara ganinsa. In busa jiniya, in kwashe garin nan kaf, mutum ɗari uku da sha biyu, in zuba su a ɗakin ƙarƙashin coci cikin minti bakwai. Sai ya koma ya gaya wa manyansa wace na'ura ce za ta iya wannan."

"A ina za ka samo abokan gaba?"

"Ƙaninki mana. Me yake yi da ya fi wannan?"

Verna ta dube shi, ta dubi dankalin, ta ce Allah ya kyauta.

Ya nufi waya. To, wayarmu a lokacin igiya ɗaya ce ta ratsa gida tara, har da kantinsa da hasumiyar, kowane gida da irin ƙararsa, kuma duk wanda ya ɗaga zai ji abin da ake faɗa. Yana kiran Arlo sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas, ana ɗaga kawunan waya gida-gida.

"Wannan sirrin soja ne," in ji Delbert da muryar janar. "Duk wanda ke kan layi ya sauka."

Ba wanda ya sauka. Sai wani agogon bango ya buga can nesa, agogon da duk Brekke ta san na Goggo Tilda Rustad ne, tsohuwar da ciwon ƙafa ya zaunar shekara tara, waya ta zame mata kasuwa da dandali.

"Ba kowa, Delbert," in ji Goggo Tilda. "Yi maganarka."

Ya kuwa yi. Ya tsara wa Arlo komai: ya taso daga arewa, ya iso kan gari saura minti biyar sha biyu, ya sako ƙullin fulawa ashirin a matsayin bama-bamai.

"Yaya Delbert, me zan samu?" in ji Arlo.

"Ladan ceton ƙasa."

"Ladan ba ya tuƙa farfela."

"To, zan yi wa akwalar jirgin naka fenti."

Washegari Delbert ya rufe kanti ya tafi rumfar Arlo da jan fenti. Littattafansa duk sun nuna jirgin Rasha da jan tauraro, saboda haka jirgin Arlo ma sai da shi. A nan kam, a faɗi gaskiya, hannun mutumin ya san aikinsa. Ya ja zare, ya auna, ya sake aunawa, ya fitar da tauraro mai tsini biyar a ƙarƙashin kowane fiffike, ya zagaye shi da farin layi siriri, ko ɗigo bai zuba ba. Yana yi yana fito, zuciyarsa fari tas, irin daɗin da bai taɓa ji ba a duk ƙaryar Jamus. Arlo ya sunkuya ya leƙa ya ce, "Kai, ni kaina tsoron jirgin nan nake ji."

Ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya Delbert ya fito cikin hula da gogaggen wando, ya biya ta coci don ya tabbata ɗakin ƙasa fayau yake. Me zai gani? An jera tebura, an shimfiɗa musu fararen ƙyallaye, tukunyar kofi tana tafasa, mata suna ta saukowa kowace da kwanonta lulluɓe da tawul. Fasto yana kan kujera yana liƙa takarda mai cewa BARKA DA ZUWA KYAFTIN.

"Mene ne wannan?" in ji Delbert.

"Harin mana," in ji Verna tana yanka kek. "Ba yau ba ne?"

"Wa ya gaya musu?"

"Baban Carol, a waya ka faɗa."

"To, wa ya ce a zo da abinci? Yaƙi ne! Bam ne zai faɗo!"

Wata daga cikin matan ta ajiye kwanon naman da ta gasa da dankali ta kama ƙugu. "Delbert Hovland, tun da kakata ta zo ƙasar nan ba a taɓa shiga ɗakin nan hannu rabbana ba. Ko jana'iza ce. Ga baƙo kuma daga nesa. Kana so a ce mutanen Brekke sun ɓuya da baƙo ba su ba shi ko kofi ba?"

"Ku fita! Kowa ya fita! Ba a kawo harin ba tukuna! Ku koma harkokinku kamar ba ku san komai ba, sai kun ji jiniya!"

Aka yi ta gunaguni, amma aka fito. Sai dai babu macen da ta yarda ta bar kwanonta a hannun wata, kuma babu wanda ya ga amfanin komawa gida saboda minti arba'in. Don haka da motar Kyaftin Pruitt ta shigo gari, abin da ya tarar shi ne mutum ɗari uku a jere a bakin titi, tsit, mata rungume da kwanuka, maza da hannu a aljihu, kowa ya ɗaga kai yana kallon arewa.

Kyaftin ɗin yaro ne ɗan kudu, dogo, mai ladabi, bai fi shekara ashirin da takwas ba. Ya fito ya dubi arewa shi ma, bai ga komai ba.

"Lafiya dai, Malam Hovland?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Haka muke ranar Asabar."

Suka hau tsani. A mataki na talatin Delbert ya soma labarin Jamus, a na sittin injina huɗu suka mutu.

"Huɗu?" in ji Kyaftin yana haki. "Ai jirgin huɗu gare shi duka."

"Shi ya sa janar ya yi kuka."

"Wace runduna ka yi?"

"Ranka ya daɗe, har yau ba a ba ni izinin faɗa ba."

Suka isa sama. Delbert ya kafa madubi a ido ya fuskanci arewa. Saura minti biyar, babu Arlo. Saura uku, babu Arlo. Kyaftin ya fito da takardar godiya ya soma karantawa, Delbert bai ji ko kalma ɗaya ba.

Abin da ya manta, duk da cewa a garin aka haife shi, shi ne tsoho Knute na gidan 'yan kwana-kwana. Shekara ashirin da biyu Knute yana busa jiniyar nan sha biyu daidai don a san lokacin cin abinci ya yi, ko ranar da aka binne matarsa bai fasa ba. Sha biyu na cika, jiniya ta ɗauka.

Wayyo, jama'a! Titi ya tashi gaba ɗaya. Masu yunwa tun sha ɗaya suka kwasa a guje, kwanuka a sama, yara a kafaɗa, Fasto a gaba. Delbert ya leƙo ta taga yana ihu, "Ba ita ba ce! Ta abinci ce! Ku dawo!" Ina! Kafin ya rufe baki titi ya zama wayam, sai wani kare.

Kyaftin ya dubi agogonsa. "Minti huɗu. Ban taɓa ganin haka ba. Me suke gudu?"

"Atisaye ne, ranka ya daɗe. Jira, abokan gaban suna hanya."

Sai ga muryar Verna daga gindin tsani. "Kyaftin! Sauko, ɗana, abinci yana hucewa, Fasto ba zai yi addu'a ba sai da kai."

"Ba zai sauko ba, yana bakin aiki!" in ji Delbert.

"Tun asuba yaron nan yake tuƙi, dubi wuyansa. Sauko, akwai kek ɗin tuffa."

Kyaftin ya dubi arewa, ya dubi Delbert, ya ce minti goma kawai, ya kama tsani.

Sha biyu da minti ashirin, Delbert shi kaɗai a sama kamar mujiya, sai ya ji ƙugi. Ga Arlo nan tafe ƙasa-ƙasa a kan gonakin da aka girbe, jajayen taurari suna walƙiya a rana. Daga baya aka ji wata saniya ce ta kwanta masa a filin tashi ta ƙi motsi. Delbert ya ga abin nan da kyau, ya ga babu mai gani sai shi, ya ji kamar ya fashe da kuka. Ya fizgi waya don a kira masa Kyaftin daga coci.

"...sai ki zuba madara kaɗan-kaɗan, kada ki yarda ta tafasa," in ji Goggo Tilda. Da ƙanwarta ta wani gari take magana.

"Goggo, sauka! Gaggawa ce!"

"Kowa gaggawa yake, Delbert. Ina cewa, Borghild, in ta tafasa ta lalace."

"Goggo, don girman Allah!"

"Yaron nan tun yana ƙarami ba shi da haƙuri. Uwarsa ma haka take."

To, akwai kalmomi biyu da aka koya wa masu gadin sama, waɗanda in aka faɗe su dole mai haɗa waya ta katse kowa ta sada mutum kai tsaye da sansanin sojan sama. Shekara shida Delbert yana gwada su a gaban madubin aski. Ya cika ƙirji ya daka tsawa: "Jirgi! Gaggawa!"

Maxine mai haɗa waya ta shigo layi tana tauna wani abu. "Delbert, ka tabbata? Ai Arlo ne. Ga shi nan ina hangensa ta taga."

"Soja ba ya jayayya da farar hula. Haɗa ni!"

"To, ba ruwana."

Aka yi ƙas. Wata murya mai sanyi, wadda ba ta san Arlo ba, ba ta san Brekke ba, ta ce, "Ina jin ka. Jirgi nawa?"

Nan fa abin ya hau kan Delbert. Ya manta da Kyaftin, ya manta da fulawa, ya ga kansa a shafi na ɗari biyu na littafi, duniya tana rataye a bakinsa.

"Ɗaya! Daga arewa, ƙasa-ƙasa, yana kauce wa na'urorinku!"

"Akwai alama a jikinsa?"

"Jan tauraro a kowane fiffike."

"Maimaita."

"Jan tauraro! Ga shi yana sako wani abu!"

Ya ajiye waya yana huci, ƙirji a gaba. Ƙullin fulawa na farko ya shigo ta taga ya fashe masa a kafaɗa. A cikin farin ƙurar nan ne ya tuna akwai wata kalma da doka ta ce a fara faɗa kafin komai in wasa ake yi, kalmar "atisaye", kuma bai faɗe ta ba. Ya sake ɗaga waya.

"...to kin ji, shi ke nan ya katse mu, ɗan banza. Ina muka tsaya? Madara."

Ya saki waya ya danna maɓallin jiniyar da ya ja wa igiya har hasumiya, don a fito masa da Kyaftin. Garin sauri ya danna sau biyu. Busa biyu kuwa a Brekke gobara ce. Maza goma sha biyu suka yi tsalle daga tebur da cokula a hannu suka nufi motar kashe wuta, matansu suka biyo su, yara suka biyo iyayensu. Garin da ya shige rami cikin minti huɗu ya fito cikin minti biyu, ya tsaya a tsakiyar titi, fili fetal, yana yi wa jirgin abokan gaba tafi.

"Ga Arlo! Arlo, nan! Jefo nan!"

Delbert ya sauko mataki casa'in da huɗu, rabinsu da gindi, ya kutsa cikin taro fari fat ya kama hannun Kyaftin, wanda ke riƙe da farantin kek.

"Ranka ya daɗe, akwai 'yar matsala."

Bai ƙarasa ba. Wani abu ya tsaga sama daga kudu, jirage biyu masu sheƙi, ba a ji zuwansu ba sai da suka wuce, sannan ƙarar ta faɗo. Tagogin coci na gefen titi suka zube. Karnukan gari suka haukace. Knute, wanda ya shekara goma ba ya ji sosai, ya ce, "Wa ya buga ƙofa?"

Kyaftin ya dubi jiragen, ya dubi jan tauraron da ke shawagi a kan rumbu, farantin ya suɓuce masa.

"Wa ya kira su?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Cikin minti goma sha ɗaya suka iso, ka ga amfanin ido..."

"Ka ce musu atisaye ne?"

Delbert ya girgiza kai.

"Ya Ubangiji! Malam, ka san abin da ke biyo bayan wannan? Yanzu haka ana ta da injinan manyan jirage masu ɗauke da bam! In suka tashi, na Rasha ma za su tashi! Ina waya?"

A sama kuwa, Arlo ya waiga ya ga jirgin yaƙi a dama, jirgin yaƙi a hagu, suna zagaye shi kamar shaho da ɗan tsako. Ya yi abin da duk mai hankali zai yi: ya rungumo sauran ƙullin fulawa goma sha bakwai ya watso su gaba ɗaya don kada a kama shi da makami. Suka sauka a kan taron. Fasto ya samu biyu. 'Yan kwana-kwana, da suka ga farin hayaƙi ya turnuƙe titi, suka ce ga gobarar, suka buɗe ruwa. Fulawa da ruwa kuwa kowa ya san abin da suke haifarwa.

Kyaftin ya faɗa kantin Delbert yana ɗiga ƙullu ya ɗaga waya.

"...ni dai na ce mata, siket ɗin nan ya yi gajarta ga matar Fasto..."

"Baba, don Allah ki sauka, sojan sama ne!"

"Wane ne wannan? Ba muryar garin nan ba ce."

"Kyaftin Pruitt ne, Baba. Yaƙin duniya na uku za a fara!"

"Au, kai ne baƙon? Sannu da zuwa. Ka ci kek ɗin? Na aika da nawa, mai kirfa a kai, ba na Verna ba."

"Na ci, Baba, ya fi na kowa daɗi, na rantse!"

"Kin ji yaro mai tarbiyya, Borghild. Bari mu ba shi layi, na kira ki in an gama yaƙin."

Minti shida Kyaftin ya yi yana "ranka ya daɗe" a waya, yana tsaye ƙyam kamar mai maganar yana ganinsa. Da ya fito, jiragen biyu sun juya kudu, Arlo kuma ya sauka a filin ƙwallon makaranta, ya ƙarasa da hancin jirgi a cikin tarin ciyawa. Gari duka ya ɗunguma can, kowa fari da danƙo. Arlo ya fito hannuwa a sama yana ihu, "Ni ɗan Brekke ne! Ku tambayi yayata! Delbert ne ya shafa!"

Kyaftin ya nufi jirgin. Ya sunkuya ƙarƙashin fiffike ya daɗe yana kallon tauraron. Delbert ya tsaya gefe yana murza hula, yana shirya yadda zai ce dabara ce irin ta tsofaffin matuƙa.

"Matuƙanmu biyu sun rantse na gaske ne," in ji Kyaftin. "Saura ƙiris su harbe shi. Wa ya zana?"

"Wai har wani abin kallo ne?" in ji Arlo, wanda tsoro ya sake shi haushi ya kama shi. "Dubi tsinin nan na hagu, a karkace yake. Ko ɗan firamare ya fi shi."

"A karkace?" in ji Delbert.

"A karkace mana. Matuƙi ina ya san fenti?"

"Arlo, ka iya bakinka."

"Ni da na zauna a kansa? Tun daga sama nake jin jirgin yana ja hagu saboda karkatar."

Jijiyar wuyan Delbert ta tashi. "Kai, ɗan feshin fara! Kawo ma'auni ka auna! Shekara uku cur ina rubuta lamba a wutsiyar jirage a Kansas, tun daga ranar da na shiga soja har ranar da aka sallame ni, jirgi dubu da ɗari huɗu, ba a taɓa dawo mini da ɗaya an ce ya karkace ba! Ni za ka koya wa..."

Ya tsaya. Maganar ta riga ta fita, mutum ɗari uku sun ji. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, har ya gwammace da jiragen nan sun harbe shi. Ya sunkuyar da kai yana jiran dariya.

Ba wanda ya yi dariya. Wani ya yi tari. Knute ya ce, "Me ya ce?" aka ce masa, "Kansas," ya ce, "Au, wannan."

Delbert ya ɗago. "Wane irin 'au, wannan'?"

Verna ta matso tana share masa ƙullu daga gira da gefen tawul. "Baban Carol, ranar da aka sallame ka, daga tashar Kansas ka kira ni. Ka ce in zo da man goge fenti don farcenka."

"A waya?"

"A waya."

Ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha uku. Masu sayen ƙusa, yaran da ke sara masa, Fasto da ya taɓa sa shi a huɗuba.

"Duk kun sani? To, me ya sa ba wanda ya taɓa..."

"Hunturun garin nan wata shida ne, Delbert," in ji Fasto yana ɓamɓare fulawa daga kunne. "Kuma labarinka ya fi na rediyo. Ni jira nake in ga yadda za ka yi da inji na biyar."

Nan ne dariyar ta ɓarke, har Kyaftin sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Amma madubi kam ya karɓa, da hular, ya sa kwaɗo a ƙofar hasumiya da hannunsa. Delbert ya tsaya a gindin tsani yana kallo, idonsa ya cika, bai ɓoye ba. Kafin Kyaftin ya shiga mota ya ce masa manyansa suna da saƙo biyu. Na farko, tauraron nan ya ɓace kafin faɗuwar rana. Na biyu, matuƙan nan sun sha wuya kafin su gane wane gari ne wannan, don duk garuruwanmu kama ɗaya suke daga sama, saboda haka a rubuta sunan garin a rufin rumbu da manyan baƙaƙe.

"Ka san wani mai fenti?" in ji Kyaftin.

Sati biyu Delbert ya yi a kan rufin nan, ɗaure da igiya a ƙugu, bai yarda ya dubi ƙasa ba ko sau ɗaya. BREKKE, kowane baƙi ƙafa goma sha biyu, miƙaƙƙe sambal. Har yau yana nan.

Ranar da ya buɗe kanti, Knute ya shigo sayen ƙusa goma. Delbert ya ƙirga masa, ya naɗe a takarda, amma bai saki ƙullin ba. Ya jingina da kanta ya dubi silin, ya ɗaga murya don Knute ya ji.

"Na taɓa gaya maka ranar da na yi wa jirage sittin lamba kafin abincin rana? Guguwa ana yi, ga buroshi ya karye, da yatsa na ƙarasa. Wani janar ya zo wucewa..."

Knute ya jawo kujera ya zauna. "Ya yi kuka?"

"Kamar yaro," in ji Delbert.